Alhaji Uku a Riga Ɗaya

Ɗan ƙanena ya taɓa yin fim. Duk wanda ya zauna cikin Hausawan Libreville a shekarun da aka karya darajar kuɗin sefa ya san wanda nake nufi, ko da bai san sunansa na yanka ba, domin tun daga lokacin ba wanda ya ƙara kiransa da shi. Darakta ake ce masa. Kanawan kasuwa ne suka laƙaba masa, kuma ba don girmamawa ba.

Ni na riƙe shi. Ubansa ya turo mini shi daga Maraɗi yana saurayi, ya zauna a ɗakin ƙofar gidana a unguwar Derrière la Prison, inda nake tuwo da shinkafa ina sayar wa direbobi da 'yan tebur. Ya koyi tuƙi, ya samu taksin wani mutum yana ja. Yaro ne mai kunya, ba ya shan taba, ba ya wasa da sallah. Aibinsa ɗaya, kallo. Duk inda aka kunna akwatin tele sai ka same shi a tsaye baki buɗe. Da ya ɗan samu sarari, maimakon ya yi abin da sa'o'insa ke yi, sai ya sayi tsohuwar kamera a hannun wani mai ɗaukar biki da suna.

Na ce masa, "Wannan akwatin me yake haifarwa?"

Ya ce, "Gwaggo, za ki gani."

Na kuwa gani.

Labarin fim ɗin ba wani abu ba ne. Wani Alhaji ne ɗan kasuwa, ɓarawo ya fasa masa butik, wato shagonsa, ya bi shi unguwa-unguwa har ya kama shi. Shi ke nan. Wanda aka ba Alhajin wani dogon mutum ne baƙi, ɗan Tasawa, mai teburin agogo da batir a bakin kasuwa. Mutum ne mai kwarjini, in ya shigo gida sai mata su gyara mayafi ba tare da sun san sun gyara ba. Telan layinmu, wani Bakano mai kaifin baki, shi ya ɗinka masa babbar riga shuɗiya, aka haɗa masa da jar dara. Ranar Lahadi suke ɗauka, da yake ita ce ranar da kowa ke da sarari, kuma a tsakar gidana suka fi yi. Na gindaya musu sharaɗi: kada a taɓa mini tukwane, kada akwatin nan ya kalle ni. Sun kiyaye.

Suna cikin haka aka karya sefa. Mun kwanta da kuɗinmu, muka tashi aka ce rabinsu ne. Shinkafa ta haura, mai ya haura, na rage girman malmala ina jin nauyin idon direbobi. Kaset ɗin da ake ɗauka a kai kuwa, da yake daga waje yake zuwa, ya fi ƙarfin mai jan taksin wani. Sai ɗan nawa ya koma bin gidaje yana roƙon tsofaffin kaset na biki da suna, yana ɗora fim ɗinsa a kansu. Ba shi da na'urar yankewa da haɗawa. Abin da ya shiga ya shiga. Shi ya sa a fim ɗin, Alhaji yana tsaka da bin ɓarawo, sai ka ga an fito da amarya a lulluɓe mata suna guɗa, kafin a koma wa gudu. Akwai kuma inda aka kira la'asar suna tsakiyar faɗa. Alhaji ya saki wuyan ɓarawo, suka ɗauki buta suka fita tare, mai kamera ma ya bi su ya bar ta a kunne. Mai kallo sai ya zauna da kazata tana kiwo a gindin turmi, har a idar da sallah a shafa addu'a.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa fim ɗin ya yi suna daga baya ya zo.

Shekara ta zagayo, sai aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar ƙasar, aka sa wa'adi. Takardar kuwa ba kowa ke iya yin ta ba, balle a wannan tsadar. Motocin kwantrol masu binciken takardu suka riƙa tsayawa a mararraba. Mutum zai ci tuwona da safe, in ajiye masa na rana, kwanon ya huce ba wanda ya zo. Na daina tambaya, sai dai in duba takalman da ke ƙofar masallaci in ga na wa babu. Wata Talata aka tare dogon nan a hanyarsa ta zuwa kasuwa. Kafin Jumma'a yana cikin jirgin ruwa.

To, muna da wata al'ada a nan, wadda ba mu taɓa zama mun tsara ta ba. In mutum ya yi tafiya, ko rashin lafiya ta kwantar da shi, ko aka kama shi, ɗan garinsu ne ke zama a teburinsa. Ba ya sauya komai, ko inda ake rataye agogo. Masu saye su zo su kira shi da sunan mai teburin, ya amsa. Riƙo ake ce wa abin. Wanda ya kwashe kayan mutum ya ba wani wurin, kamar ya ce ba zai dawo ba ke nan, kuma wannan magana ce da ba a yin ta a kan mai rai.

Wanda ya riƙe teburin dogon wani gajere ne mai ƙiba, fari, shi ma ɗan Tasawa. Ranar Lahadi da hantsi sai ga shi ya yi sallama a gidana. Ya gaishe ni, ya nufi igiyar shanya, ya sauke shuɗiyar rigar ya zura, ya ɗora jar dara. Rigar ta sauka har ƙasa tana shara. Ya dubi ɗan nawa ya ce, "Ina ya tsaya?"

Ɗan nawa ya ce, "Ya zagaya bayan babbar mota, zai fito ta ɗaya gefen."

"To mu je in fito."

Ina zaune ina tsinar shinkafa, kuma wallahi ban ga wani abin mamaki ba. Cikin duk waɗanda ke tsakar gidan ba wanda ya gani, sai tela. Shi ne ya ce, "Kai, ku tsaya. Wannan fa bai kai kafaɗar wancan ba. Ka sake daga farko mana da shi."

Ɗan nawa ya ce, "A kan wane kaset? In na sake, a kan fuskarsa zan ɗora."

"To ka ɗora."

"In ya dawo in ce masa me?"

Tela ya ce, "To kawo rigar in rage mata tsawo, kada ya fasa baki."

Ɗan nawa ya ce, "Kada ka yanke. Ka naɗe kawai, yadda za a iya warwarewa."

Haka aka yi. Tela ya naɗe ƙasan rigar ya ɗan kama da zare, shi ya sa duk gudun da gajeren ya yi a fim ɗin, naɗin yana kwancewa yana harɗe shi. Faɗuwar da mutane suka fi so, wadda ya yi cikin kwata a unguwar Oloumi, ba shiri ba ce.

Shi ma bai daɗe ba. Da wa'adi ya matso ya ga ba zai samu takarda ba, ya bi ta hanyar mota da kansa ya tafi. Tebur ya koma hannun ɗan Tasawan da ya rage a layin, wani tsoho siriri mai gadi, wanda haƙoransa na gaba suka zube. Shi yana da takarda tun zamanin da ake ba da ita da sauƙi. Da ya karɓi teburin, ya zo ya karɓi rigar. Shi ne Alhajin da ya kama ɓarawo a ƙarshe. Ya doke samari uku, kowanne sai ya jira tsohon ya gama ɗaga hannu sannan ya faɗi.

Da fim ya fita, a gidana aka fara kallo. Dogo ya shiga bayan mota, gajere ya fito. Sai wani daga baya ya ce, "Motar nan ta cinye rabinsa." Daga nan ba wanda ya ƙara jin abin da ake faɗa a fim ɗin. Mutane suna riƙe ciki, wani direba ya faɗo daga benci. Maƙwabciyata 'yar ƙasar, da ta leƙo ta katanga, ta tambayi me ake wa dariya. Da aka gaya mata ta ce ita ba ta ga an sauya kowa ba, ai Alhaji ne mai shuɗiyar riga. Wannan ma aka ƙara a cikin abin dariya.

Ban hana kowa ba. A shekarar nan mutane sun daɗe ba su yi dariya ba, kuma ni ma na sa gefen mayafi na rufe baki. Amma ina kallon ɗan nawa a bakin ƙofa. Yana murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a cikin sahu.

Da a ranar abin ya tsaya, da ba komai. Sai kaset ya kama yawo. Aka yi ta kwafarsa, ya je Port-Gentil, ya je Maraɗi, ya je Kano. Baƙo zai sauka daga gida, kafin ya tambayi masauki ya tambayi ina Darakta. In ya tsaya da taksi a gaban majalisar tela, sai a ce, "Darakta, yau kai ne ko riƙo ake maka?" In ya shiga bayan gida ya fito, a ce a duba ko tsawonsa na nan. Tela ne shugaba. Kullum da sabuwar da zai ƙirƙiro, kuma ya iya, ba zan hana shi wannan ba. Ɗan nawa bai taɓa mayarwa ba. Ya sayar da kamera. Ya daina zama a majalisa, ya daina cin abinci cikin mutane, sai ya ɗauki kwanonsa ya shiga ɗaki. Da ya yi aure ya tashi ya koma Okala, can bayan gari wajen hanyar filin jirgi, inda a lokacin daji ya fi gidaje yawa. Ya sauya masallacin Jumma'a. Ni yakan zo gaishe ni, amma da sassafe, kafin tela ya buɗe shago.

Haka aka yi shekaru. 'Ya'yansa suka tasa, suna jin ana kiran ubansu Darakta suna zaton wani muƙami ne.

Sai yaran da aka haifa a nan suka girma, waɗanda Faransanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Cikinsu har da ɗan tela, wanda ya yi lakwal, karatun boko mai zurfi, ya koyi aikin kamera na gaske. Shi da abokansa suka ce za su yi fim a kan yadda aka yi wancan fim ɗin. Suka samo samari suka raba musu mu: wannan Darakta, wannan tela, waɗannan Alhazai. Har ni aka samo wa yarinya. Yaron ya zo ya durƙusa ya nemi in ba su tsakar gidana. Na ce a'a, sau ɗaya ya isa. Suka je suka yi a wani wuri.

Da suka gama, suka sa ranar nunawa, wata Lahadi bayan azahar, a filin wani gareji a Oloumi. Yaron ya je har Okala ya gayyaci ɗan nawa. Matarsa ce ta zo ta gaya mini cewa tun ranar bai ci abincin kirki ba, kuma ya ce ba za shi ba, amma yaran sun dage sai sun je sun ga babansu a fim.

Na sa aka kira mini shi. Na ce, "Za ka bar 'ya'yanka su zauna su kaɗai a yi maka dariya a kansu?"

Ya ce, "Gwaggo, in ina wurin ma za a yi."

"Za a yi. Amma in sun waiwaya su gan ka a zaune."

Ranar Lahadi ya zo da matarsa da yaran, ya ɗauke ni a motarsa.

An ja tamfol an rufe filin don a samu duhu, zafi kamar a cikin tukunya. Maza a gaba a kan benci, mu mata a gefe a kan tabarmi. Tela ya kame a tsakiyar bencin gaba, ya sha sabuwar shadda, yana karɓar gaisuwa kamar shi ya yi aikin. Tsohon nan mai gadi ma an kawo shi, ya ƙara tsufa, yana dogara sanda. Ɗan nawa ya zauna a can ƙarshen bencin baya, kusa da inda tamfol ya ɗage, 'ya'yansa biyu a gefensa. Na zaɓi wurin da zan riƙa ganin fuskarsa.

Gaskiya yaran sun iya aiki. Hoto tas, magana tana fita, ba amaryar kowa a ciki sai wadda suka sa da gangan. An yi rubutun Faransanci a ƙasa, wanda ni bai dame ni ba tunda ba karantawa nake ba. Tun daga farko aka fara surutu, kowa yana neman kansa. Wani direba ya ce shi bai taɓa sa irin wannan wandon ba. Wanda ya yi ɓarawo a fim na farko, yanzu ladan ne, ya ce a ji tsoron Allah, shi bai yi wannan gudun da ɗuwawu a baya ba. Tela ya ga wanda ya fito a matsayinsa, wani yaro mai tumbi, ya juya yana neman ɗansa.

"Kai! Duk samarin garin nan ba ka samu mai wuya ba?"

Aka ce, "Ai tausaya maka ya yi, Alhaji."

Sai ga yarinyar da aka ce ni ce. Ta ɗaure ɗankwali har gira, ta fito da muciya tana bin mutane tana ihu. Matan da ke kusa da ni suka fashe, suna satar kallona. Ni ban taɓa bin kowa da muciya ba. Muciya ta tuwo ce. Kallon mutum nake yi, kuma yana isa. Na juya na kalle su, suka gyara zama. Amma yarinyar ta iya ɗaurin zane irin nawa, ban san inda ta gani ba.

Wanda ya fito a Darakta sun sa masa tabarau mai kauri, yana tuntuɓe da komai, yana riƙe kamera a juye. Ɗan nawa bai taɓa sa tabarau ba. Yaransa suna dariya suna taɓa shi, "Baba, kai ne!" Shi kuma yana gyaɗa kai da murmushin nan da na sani.

Aka zo wurin sauya Alhaji. A nasu fim ɗin, an zo an gaya wa Darakta cewa dogon ya tafi. Sai ya fita titi yana lalube, ya cafko wani gajere mai tallar burodi, ya zura masa rigar, ya matso da tabarau ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ai shi ne, bai tafi ba." Samari suka kwashe da dariya har da tafi. Da aka zo na uku, wani almajirin makanike ne ya turo tsoho a baro, aka zuba shi cikin rigar.

A nan na lura bencin gaba ya yi tsit. Masu furfura ba wanda ke dariya. Ƙaramar 'yar ɗan nawa ta ɗaga kai ta dubi ubanta, ta daina tata dariyar ita ma. Na ga ya sa hannu yana laluben makullin mota a aljihu.

Sai tsohon nan mai gadi ya buga sandarsa a ƙasa.

"A tsaya! A tsayar da abin nan!"

Aka tsayar. Hoto ya daskare a kan wanda ya fito a matsayin tsohon yana cikin baro, ƙafafu a sama.

"Ni a baro aka kawo ni? Ni a titi aka tsince ni? Da ƙafata na je na karɓi rigar nan. Teburinsa yana hannuna, wa zai sa rigarsa in ba ni ba?"

Wani saurayi ya ce, "Baba, wasa ne fa."

"Na san wasa, tun ba a haifi ubanka ba nake yin sa. Mai burodi! Wane mai burodi? Mutumin nan ɗan Tasawa ne, unguwarsu ɗaya da mai rigar."

Ɗan tela ya fito gaba, gumi yana zuba masa. Yaro ne mai ladabi, na tausaya masa. Ya dubi ubansa ya ce, "Baba, ai kai ka ba ni labarin haka. Ka ce duk wanda ya gifta shi yake kamawa. Har tabarau ɗin kai ka ce."

Aka juya ana kallon tela. Ya cire hula ya mayar.

Ya ce, "Na faɗa. A majalisa na faɗa, inda kowa ya san yadda aka yi."

Yaron ya ce, "To yaya aka yi?"

Nan fa aka ɓarke. Mutum biyar suna ba da labari a lokaci ɗaya, kowa yana katse kowa. Wannan yana bayanin riƙon tebur, wancan yana lissafa waɗanda aka tafi da su a jirgi ɗaya da dogon, ladan yana rantsuwa cewa shi da idonsa ya ga an hana a yanke rigar. Tela ya miƙe ya fi kowa ɗaga murya.

"Ni na ce ya shafe fuskar mutumin ya sake daga farko! Ni na faɗa! Ya ce in ya dawo ya ce masa me? Ku kun san abin da ake nufi da a ɗora wani a kan fuskar mutum a shekarar nan? Makaho kuka mayar da shi? Duk layinmu ba mai idonsa!"

Wata yarinya cikin masu fim ɗin ta ce, "To me ya sa ba ku taɓa gaya mana ba?"

Wani direba ya ce, "Wa ke zama ya faɗi abin da kowa ya sani?"

Yarinyar ta ce, "Amma ku ma dariya kuke masa."

Tela ya ce, "Mu muna wurin. Mu muka ɗauki fitila, mu muka tare hanya, ni na naɗe rigar. Fim ɗin banza ne, ba a taɓa yin irinsa ba, kuma ba za a ƙara ba. Amma namu ne."

Tsohon ya ce, "Ni dai wurin da na fito ya yi kyau."

Aka yi dariya, har da masu furfura. Wani ya tambaye shi labarin dogon. Ya ce yana Tasawa yana noma, ya aiko cewa ƙafarsa ba za ta ƙara taka jirgin ruwa ba. Aka ce to teburin fa? Ya ce, "Ya ce ba zai dawo ba. Bai ce a ba wani ba." Jikansa ne ke zama a wurin yanzu, kuma har yau da sunan dogon ake kiran teburin.

Duk wannan ana yi, ba wanda ya dubi bencin baya. Sai da ƙura ta lafa ɗan tela ya taka har can, ya durƙusa a gaban ɗan nawa.

"Kawu, ka yi haƙuri. In ka ce a kashe, yanzu zan kashe."

Ana jin injin wuta yana ruri a bayan gareji. Ɗan nawa ya fito da hannunsa daga aljihu, ba makulli a ciki. Ya daɗe yana kallon hoton da ya daskare.

Ya ce, "Wa ya riƙe muku kamera a wurin baron nan?"

"Ni ne, Kawu."

"Tafiya kake da baya kana ɗauka?"

"E."

"Bai girgiza ba ko kaɗan. Ni duk sanda na gwada haka sai na faɗa kan wani abu." Ya gyara zama. "A ci gaba. Ban ga ƙarshe ba."

Aka ci gaba. Yanzu kallon ya zama wani iri. Duk abin da aka nuna sai wani ya waiwaya baya ya ce, "Darakta, haka aka yi?" Da farko da kai yake amsawa. Can ya fara cewa, "A'a, daga hagu ya fito." Da aka zo wurin sallar la'asar, yaran sun yi shi daidai: kowa ya watse, aka bar kaza ita kaɗai a gaban kamera, tana tafiya tana tsayawa kamar an biya ta. A nan ne na ji dariyarsa. Na daɗe ban ji ta ba har na manta yadda take, wata irin shaƙewa yake yi kamar mai tari, hawaye suna zubo masa. 'Yarsa ta tsorata ta riƙe masa hannu.

Da ya samu numfashi ya ce, "Kazar ba ja ba ce. Wake-wake ce."

Tela ya ce, "Ja ce."

"Alhaji, ni na ɗauke ta."

"Kai kana masallaci, ina ka gan ta?"

Suka juyo gaba ɗaya wajen tabarmin mata. Na ce wake-wake ce, kuma ba ta taɓa yin ƙwai a inda ya kamata ba. Tela ya ce an haɗa baki da dangi.

Da aka gama aka yaye tamfol, iska ta shigo. Na aiko da shinkafa tun da rana, aka fito da ita a manyan faranti. Samari suka kewaye ɗan tela suna gardamar ko a gyara wurin baron ko a bar shi. Tsohon ya ce in za a gyara, shi zai fito da kansa, rigar kawai za a nemo masa. Ɗan nawa ya tattara yaransa ya nufo inda nake, yana cewa in tashi ya mayar da ni gida kafin hanya ta cushe.

Tela ya ɗago daga bakin faranti, hannunsa duk mai.

"Darakta! Ina za ka? Zo ka raba mu. Wannan ya ce faɗuwar kwata sau ɗaya aka yi, ni na ce sau biyu."

Ya tsaya. Ya dube ni. Ni kuwa na mayar da hankalina kan ɗaurin kwanukana.

Ladan ya matsa, direban da ke kusa da shi ya matsa, wuri ya buɗe a tsakaninsu. Ɗan nawa ya miƙa wa matarsa makullin mota ta riƙe, ya cire takalmi, ya wanke hannu a roba ya zauna.

Na ji tela yana cewa, "To, kai ne da kanka, ko riƙo ake maka?"

Ya ce, "Ni ne. Matso da naman nan, tun ɗazu kake tara shi a gabanka. Kuma sau uku ya faɗi, na ukun kaset ne ya ƙare."

Muka zauna da matarsa da yaran a inuwar wata tsohuwar mota muna jira. Hanya ta cushe ta warware bai taso ba. Yarinyar da ta fito a matsayina ta zo ta durƙusa tana gaishe ni, ba ta iya haɗa ido da ni. Na ce ta matso in nuna mata yadda ake riƙe muciya, tunda ta ɗauka.